Bishiya a Tsakiyar Falo: Bashin da Mage ke Bin Wanda Ya Kulle Ta

A farkon shekarar 1947, ana tsakiyar hunturu a garin Cassopolis da ke jihar Michigan ta Amurka, wata mata ta je wurin maƙwabcinta neman yashi. Wanda take zuba wa magenta ta yi bahaya a ciki ya daskare, toka kuwa da ta gwada sai magen ta riƙa buga mata sawu baƙi ƙirin a ko'ina cikin ɗaki. Maƙwabcin, wani matashi mai suna Edward Lowe, yana aiki ne a kamfanin mahaifinsa da ke sayar da yashi da kwal da wani busasshen yumɓu da masana'antu ke tsane mai da shi idan ya zube. Sai ya ɗebo mata yumɓun. Ya shanye fitsarin, ya danne wari, matar ta dawo neman ƙari. Lowe ya zuba shi a jakunkunan takarda, ya rubuta Kitty Litter a jiki, ya shiga bin shaguna yana talla. A 1990 ya sayar da kamfaninsa na Kitty Litter a kan kuɗin da ya kai dala miliyan 200.

Kafin wannan yumɓu, magen Bature ba ta da wani bambanci da magen gidajenmu: ta ci abin da aka rage, ta kwanta inda ta ga dama, dare ya yi a buɗe mata ƙofa. Wari ne babban abin da ke hana a bar ta a ɗaki dare da rana. Da aka shawo kansa, ga abincin gwangwani, ga allurar rigakafi, ga aikin hana haihuwa da likitocin dabbobi suka ƙware a kai, sai miliyoyin maguna suka koma rayuwar da kakanninsu ba su taɓa yi ba. A haife su a ɗaki, su tsufa a ɗaki, ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa ba. Duka-duka wannan rayuwa ba ta cika shekara tamanin ba.

Jikin mage kuwa ya daɗe da ginuwa kafin nan. A 2007 mujallar Science ta buga binciken Carlos Driscoll da abokan aikinsa, waɗanda suka duba ƙwayoyin halittar maguna kusan dubu, na gida da na daji, suka gano cewa duk magen gida a duniya daga tsatson kyanwar daji guda ta fito, wadda ke zaune a Gabas ta Tsakiya da Afirka. Har yau tana nan a dazuzzukan Sahel, kuma wanda ya gan ta daga nesa zai ɗauka magen wani ce ta ɓata hanya. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kimanin 9,500 inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Duk da wannan tsohuwar zumunta, mage ba ta sauya ba kamar yadda kare ya sauya. Ita ce ta kawo kanta wurin ɗan Adam saboda ɓerayen da ke bin rumbunsa, ba wanda ya nemi ta canja hali, domin halin nata shi ne amfaninta. Dabba ce mai farauta ita kaɗai, mai kama ƙananan abubuwa sau da yawa a yini, mai ƙarfin motsi da asuba da magariba. Kuma saboda ƙanƙantarta, kamar yadda take farauta haka ita ma ake farautarta, don haka kullum idonta na kan wurin hawa da wurin ɓuya.

Gidan Bahaushe na gargajiya ya ba ta duk wannan ba tare da kowa ya shirya ba. Ga katanga ta bi, ga saman rumbu, ga darbejiya a tsakar gida ta hau ta kuma karta, ga ƙarƙashin gado, ga ƙadangaru da fara da ɓeraye. Ba wanda ke saya mata abin wasa, kuma ba ta nema. Amma zama ya fara sauyawa. Wanda ke haya a hawa na uku a Abuja, ko ɗalibar da ke zaune a ɗaki ɗaya a Alƙahira ko Landan, ko matashin da ya zuba kuɗi ya sayi mage 'yar Farisa mai dogon gashi, ba zai bar ta ta fita ba, kuma yana da hujja. A waje akwai mota, akwai kare, akwai maganin ɓera, akwai yara da duwatsu, akwai cututtukan da maguna ke ɗauka wurin faɗa, akwai kuma ɓarawo.

A wasu ƙasashe hujjar ta wuce lafiyar magen kanta. Wani bincike da Scott Loss da abokansa suka fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa maguna na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 kowace shekara a Amurka, kodayake mafi yawan ɓarnar ta magunan da ba su da iyayen gida ce. A yankin babban birnin Ostireliya, duk magen da aka haifa daga 1 ga Yuli 2022 dole ta zauna a cikin harabar mai ita. A garin Walldorf na Jamus, a 2022 hukuma ta hana magunan wata unguwa fita na tsawon watanni saboda wata 'yar tsuntsuwa mai tukku da ke ƙwai a ƙasa, wanda magensa ta fita kuma tarar yuro 500 na jiransa. Ingila kam har yanzu mafi yawan masu mage na barin ta ta shiga ta fita. Muhawarar ba ta ƙare ba, kuma ba ita ce ta kawo mu ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar.

Ciwon da ba na ƙwayar cuta ba

Likitocin dabbobi sun daɗe suna fama da wani ciwo a magunan ɗaki. Mage ta riƙa zaryar wurin fitsari, tana nishi, fitsarin na fita kaɗan-kaɗan, wani lokaci da jini, ko ta koma yi a kan gado da kafet. A duba ba ƙwayar cuta, ba tsakuwa a mafitsara. Tony Buffington na Jami'ar Jihar Ohio ya shafe shekaru yana nazarin irin waɗannan maguna, waɗanda masu su suka gaji suka miƙa wa jami'ar. Abin da ya ba shi mamaki shi ne da yawansu sun samu sauƙi bayan sun zauna a wurin da ake ba su abinci a kan lokaci, mai kula da su ɗaya ne, suna da wurin hawa da wurin ɓuya, ba hayaniya.

A 2011 shi da Judi Stella suka buga sakamakon lura da maguna 32, 20 masu wannan ciwo, 12 lafiyayyu. A makonnin da komai ke tafiya yadda aka saba, da wuya a bambanta masu ciwon da lafiyayyun. A makonnin da aka samu sauyi, kamar canja mai kula ko jinkirta abinci, sai amai da ƙin cin abinci da bahaya a wajen mazubi suka ninka kusan sau uku, kuma lafiyayyun ma ba su tsira ba. Wato abin da mai gida ke kira iskanci ko ƙazanta, sau da yawa damuwa ce ta fito ta jiki. Mage ba ta kuka da hawaye, ba ta kuma haushi irin na kare. Sai dai ta yi ta lasar cikinta har gashi ya zube, ko ta yini kwance tana ci tana ƙiba, ko ta far wa ƙafar wanda ya gifta. A Amurka ƙiyasi ya nuna kusan maguna shida cikin goma nauyinsu ya wuce ƙima, ƙibar kuma takan jawo ciwon suga.

Daga irin wannan aiki ne ƙungiyoyin likitocin mage biyu, ta Amurka da ta ƙasa da ƙasa, suka fitar da ƙa'idoji a 2013 kan abin da mage ke buƙata a muhallinta: mafaka, kayan amfaninta a rarrabe ba a cunkushe wuri ɗaya ba, damar wasa irin na farauta, mu'amalar mutum da ta san yadda za ta kaya, da gidan da bai takura wa hancinta ba. Sun ɗauki waɗannan a matsayin sharaɗin lafiya, daidai da abinci da rigakafi.

Musulmi bai kamata wannan ya zo masa baƙo ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Maganar yunwa ce a zahiri, amma ni abin da nake ɗauka a ciki shi ne wanda ya tsare dabba ya ɗauki nauyin abin da da ta samar wa kanta. Kwanon abinci yana biyan kashi ɗaya ne kawai na wannan bashi.

Abin hawa

A ƙarshen shekarun 1960 wani Ba'amurke mai suna Frank Crow ya yi rajistar wata ƙirƙira da ya kira bishiyar mage: dogon turke daga ƙasa zuwa silin, an lulluɓe shi da kafet, an kafa masa faifan zama hawa-hawa. Yau ana sayar da ita iri-iri, daga 'yar ƙarama mai hawa biyu zuwa wadda ta kusa cinye rabin falo, da ɗakuna da lilo da ƙwallo mai reto. Mafi yawan ado na mai saye ne. Abin da magen ke nema a jiki abu uku ne: tsawo, ƙarfi, da wurin da aka ajiye ta.

Tsawo shi ne kan gaba. Mage a sama tana ganin duk mai shigowa kafin ya gan ta, yaro ba ya kai mata, kare ba ya kai mata, kuma ita ke zaɓen lokacin saukowa. Wannan zaɓin shi ke kwantar mata da hankali. Magen da ke gudun baƙi ta shige ƙarƙashin kujera, sau da yawa idan ta samu wuri a sama sai ta zauna a falon tana kallon kowa. A gidan da ke da mage biyu ko uku kuwa, hawa-hawan kan raba faɗa, domin faɗin ɗaki a wurin mage ba a ƙasa kaɗai ake auna shi ba. Ɗaya ta ɗare can ƙoli, ɗaya ta zauna tsakiya, ba wadda ta tare wa wata hanya. Sai dai a lura, wurin hawan da ke da hanya ɗaya tak tarko ne: mafaɗaciyar sai ta zauna a ƙasa ta hana 'yar'uwarta saukowa. Kowane wuri mai tsawo yana son mafita biyu, ko da ta biyun tsalle ne zuwa kan kujera ko kanta.

Ƙarfi kuma shi ne inda bishiyoyin kanti masu araha ke faɗuwa. Mage mai kilo huɗu ko biyar idan ta taho da gudu ta daka tsalle, nauyin da ke sauka a kan turken ya fi nauyinta nesa. Bishiya ta yi rawa sau ɗaya, ko ta kife da ita, to shi ke nan, ta yi sallama da ita, mai gida ya ce ya yi asarar kuɗi a kan dabba marar godiya. Gindin ya zama mai faɗi da nauyi, dogayen kuma a ɗaure su da bango. Faifan zama ya isa ta miƙe ko ta naɗe ba tare da rabin jikinta na lilo ba, ya fi kyau ma a yi masa ɗan baki a gefe da za ta jingina bayanta. Tazarar hawa zuwa hawa ita ma abin dubawa ce, kuma saukowa ta fi hawa wuya. Faratan mage sun lanƙwasa ne ta baya, suna riƙe ta idan ta nufi sama, ba sa riƙe ta idan ta juyo da kai ƙasa, shi ya sa ake ganin mage ta maƙale a kan bishiya tana kuka. Don haka faifan su zama a karkace, wannan dama wancan hagu, yadda za ta sauko daki-daki.

Tsohuwar mage tana da nata lissafin. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar North Carolina a 2002 ya duba hotunan ƙashin maguna 100 da suka haura shekara 12, aka ga alamar lalacewar gaɓoɓi a jikin 90. Mage ba ta cika ɗingishi ba, sai dai ta daina hawa inda ta saba, ko ta tsaya tana auna tsalle ta fasa. Mai gida ya ce tsufa ne ya sa ta lalaci, alhali ciwo take ji. Irin wannan tana son matakala gajeru ko gangaren katako, da likita ya duba ta.

Sai wurin ajiyewa, wanda a nan ne mutane da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. A sayo bishiya mai tsada, a ga ba ta dace da kujeru da labule ba, a tura ta sito ko lungun da ba mai shiga. Mage kuwa tana son hawa ne a inda rayuwar gidan take, ko a bakin taga inda za ta kalli tsuntsaye da masu wucewa. Taga ita ce talabijin ɗinta, kuma ba ta gajiya da shirin. A gidajenmu akwai ƙarin abu guda da littattafan Turawa ba su cika ambata ba, wato fankar sama. Duk wurin hawan da zai kai mage kusa da fukafukan fanka, ko saman sif ne, haɗari ne.

Ba dole sai an yi odar bishiya daga waje ba. Duk kafintan da zai iya haɗa benci zai iya wannan: gindi na katako mai kauri, turke mai ƙarfi, faifai uku ko huɗu, a ɗaure da noti maimakon ƙusa don kada ya saki. Ni a ganina ma wadda kafinta ya yi ta fi dacewa da mu. Na kanti yawanci an lulluɓe su da wani yadi mai gashi da aka yi domin ƙasashen sanyi. A zafin Afrilu mage ba za ta kwanta a kai ba, tayil za ta nema, da hunturu kuma ƙura da ƙuma su samu gida. Katako tsirara da ɗan tsumman da za a cire a wanke ya fi. Wanda ɗakinsa ya yi ƙanƙanta sai ya kafa falanki uku a bango kamar matakala, ko ya kwashe tarkacen da ke saman firji ko kantar littattafai ya bar mata. Wasu a Amurka sun kai abin maƙura. Bob Walker da matarsa Frances Mooney sun zagaye gidansu na San Diego da hanyoyin mage a kusa da silin, har da ƙofofi da aka huda a bango daga ɗaki zuwa ɗaki. Ba kowa zai yi haka ba, mai haya ma ba zai fara ba.

Yakushi

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya ajiye mage kuma ya san za ta karta. Tana yi ne don ta cire tsohon ɓawon farce, ta miƙe jijiyoyin baya da kafaɗa, ta kuma bar shaida: sawun da ido ke gani da wani ƙamshi da ke fita daga tsakanin yatsunta wanda hancinmu ba ya ji. Saboda shaida ce, a fili take son yin ta, kusa da inda take barci ko bakin ƙofa ko hannun kushin ɗin da kowa ke zama. Duka da tsawa ba sa hana ta, sai dai su koya mata ta bari sai ba kowa.

Abin yi shi ne a ba ta abin da ya fi kushin daɗin karta, a kuma dasa shi daidai inda take ɓarnar, daga baya a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan. Tsawonsa ya kai ta miƙe iya miƙewarta, wato kusan mita ɗaya, kada kuma ya motsa. Wani bincike da aka yi a kan ra'ayin masu maguna ya nuna turken da aka naɗe da igiya ya fi samun karɓuwa, musamman igiyar sisal, wadda ake samu daga wani tsiro ɗan asalin Meziko da yanzu Barazil da Tanzaniya da Kenya ke nomawa. Inda babu ita, igiyar rama mai kauri za ta yi, muddin an naɗa ta tsam-tsam. Wasu magunan kuma a kwance suke son karta, irin su sai a ba su kwali mai kauri ko guntun icce da ɓawonsa.

A Amurka an daɗe ana bin wata gajeriyar hanya, wato a kai mage a cire mata farata gaba ɗaya. Aikin ba yankan farce ba ne, gutsure ƙashin ƙarshe ake yi na kowane yatsa, kuma a kan yatsun nan mage ke tafiya. Wasu kan rayu da ciwo, wasu su ƙi mazubin bahaya, wasu su koma cizo tunda an raba su da makaminsu. Ingila da yawancin ƙasashen Turai sun haramta shi, jihar New York ta bi sahu a 2019, Maryland a 2022. Mai son kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, gara ya sayi ta roba.

Wurin ɓuya kam ba ya cin ko sisi. A 2014 Claudia Vinke ta Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan ta gwada sababbin maguna 19 da aka kawo gidan ajiyar dabbobi, 10 aka ba su akwatin ɓuya, 9 ba a ba su ba. Masu akwati sun natsu cikin 'yan kwanaki, sauran sai da suka ɗauki kusan mako biyu kafin su kamo su. Kwalin taliya da aka huda wa ƙofa biyu ya wadatar. Sharaɗin kawai shi ne idan ta shiga a ƙyale ta, a kuma gaya wa yara haka.

Farautar ƙarya

A nan ne kuɗi ba sa aiki. Magen da ke ciyar da kanta takan ci ƙananan abubuwa goma ko fiye a yini, kuma ba kowane hari ke kamawa ba, don haka yininta ya tafi ne a laɓe da sanɗa da tsalle. Magen ɗaki kuwa cikin minti biyu ta gama da kwanonta, sauran awannin ba abin yi. Ƙwallon da aka yar a ƙasa matacce ne a idonta. Abin da ke tada ta shi ne abin da ke motsi irin na mai rai: a ɗaura gashin kaza ko tsumma a bakin igiya da sanda, a ja shi yana gudu daga gare ta, ya laɓe bayan kujera, ya tsaya, ya zabura. Ɓera ba ya tunkarar mage, saboda haka kaɗa mata abu a fuska ba wasa ba ne, tsokana ce. A bar ta ta kama lokaci-lokaci, a ƙarshe a ba ta ɗan abinci, sai a ga ta lashe jikinta ta kwanta. Wanda magensa ke tashinsa da tsakar dare ya gwada yin wannan kafin ya kwanta. Jan ɗigon hasken leza da yara ke so yana sa ta gudu ƙwarai, amma abu ne da ba ya kamuwa, kuma farautar da ba kamu takaici take bari.

Minti nawa? A 2021 masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila sun gwada magunan da ke fita waje, suka ga wasan minti biyar zuwa goma kullum ya rage abin da suke kamowa gida da kashi 25 cikin 100, abinci mai yawan nama kuma ya rage da kashi 36. Idan ɗan wannan wasa ya rage wa mai fita ƙishirwar farauta, to ga wadda ba ta fita shi ne farautar gaba ɗaya. Bayan an gama a ɗauke igiyar a ɓoye. Harshen mage yana da ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, zare ko ulu ya shiga bakinta da wuya ta tofar, kuma zare a hanji aikin tiyata ne.

Ana kuma iya sa ta wahala kaɗan kafin ta ci. A huda gorar ruwa ta roba a zuba busasshen abinci ta riƙa gangarawa yana zubowa, ko a zuba a kiret ɗin ƙwai ta riƙa zaƙulowa da hannu, ko a rarraba a wurare har da saman bishiyar. Likitoci na yaba wannan wajen rage ƙiba. Amma akwai abin dariya a nan. Dabbobi da yawa, daga ɓera zuwa tantabara, idan aka ajiye musu abincin banza da wanda sai sun yi aiki, sukan zaɓi yin aikin. Da Mikel Delgado ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta gwada maguna 17 a 2021, sai suka fi cin na banzan. Saboda haka kada a ajiye gora ga kuma kwano cike a gefe, a fara da mai sauƙi, kuma kada a bar ta da yunwa don ta koya, domin mage mai ƙiba idan ta yi kwanaki ba ci hantarta kan lalace. Wani gwajin da Kristyn Vitale ta yi a Jami'ar Jihar Oregon a 2017 ya ba maguna zaɓi tsakanin abinci da abin wasa da ƙamshi da hulɗa da mutum, rabinsu suka zaɓi mutum. Masu cewa mage ba ta san kowa ba sai cikinta su ji.

Hanci shi ne abin da muke yawan mantawa. Idan mage ta goga kumatunta a ƙafar kujera ko gefen ƙofa, sa hannu take yi cewa nan gida ne. Wanke komai lokaci guda da sabulu mai ƙarfi yana goge mata wannan. Turaren wuta da humra da maganin sauro na fesawa ko na kunnawa kuma, a ɗakin da ke rufe, ƙarfinsu a hancinta ya ninka yadda muke ji, hayaƙin ma na tada wa wasu asma. A bar mata ɗakin da za ta koma idan an turara gida. Turawa na yayyafa wani ganye mai suna katnif a jikin sabuwar bishiya don ya jawo ta, yakan sa mage birgima na kimanin minti goma, amma kusan ɗaya cikin uku ba sa jin komai. A Japan suna da nasu mai suna matatabi, wanda masu bincike a Jami'ar Iwate suka nuna a 2021 cewa sinadarinsa na korar sauro daga jikin magen da ta yi birgima a kai. Wanda bai da ko ɗaya ya goga tsumma a kumatunta ya shafa a jikin katakon, ya ajiye ɗan nama a hawa na biyu, ya yi haƙuri. Kada a ɗauke ta a ɗora da ƙarfi.

Taga da baranda su ne na ƙarshe da za a duba, musamman ga mazauna bene. Ana cewa mage rai tara gare ta, amma a 1987 likitocin wani babban asibitin dabbobi a birnin New York sun tattara bayanin maguna 132 da suka faɗo daga dogayen gine-gine cikin wata biyar kacal. Yawancin waɗanda aka yi wa magani sun rayu, da karyewar muƙamuƙi da ƙafafu da rauni a huhu, kuma lissafin bai haɗa da waɗanda ba a ma kai su asibiti ba. Ba tsalle suke yi da gangan ba, tsuntsu ne ke ɗauke musu hankali ko barci ya kwashe su a bakin taga. Ragar sauro ta roba ba ta tare mage mai farata, sai ta waya. Wanda ya zagaye barandarsa da ragar waya daga ƙasa har sama, ya sa falanki biyu da inuwa da kwanon ruwa, ya ba magensa iska da rana da kallon titi ba tare da ta fita ba. A birnin Bern na Siwizalan kuwa akasin haka suka yi: matakalu na katako suke kafawa a jikin bangon bene, daga taga har ƙasa, mage ta sauka yawonta ta hau ta dawo lokacin da ta so.